Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Jawabi ga manoma da matan gida na ƙasar Sabon Birni da Isa, a kan aikin 'yan mishan da taimakon gidaje mabukata.

 

Kowa a nan ya san halin da ƙasarmu ta shiga. Tun wajen 2019 'yan bindiga suka hana mutane da yawa zuwa gona. Wasu ƙauyuka sun tashi. Dubban 'yan uwanmu sun ƙetara iyaka zuwa jihar Maraɗi, wasu kuma suna raɓe a gidajen dangi. Marayu sun yi yawa, haka ma matan da mazansu suka rasu. To, wane irin taimako ne zai tsayar da waɗannan gidaje da ƙafafunsu? Don neman amsa, zan ba ku labarin aikin da 'yan mishan suka yi a kusa da mu.

'Yan mishan Kiristoci ne da suka baro ƙasashensu don yaɗa addininsu. Ba su ɓoye wannan ba. Ƙungiyar da ta fi aiki a ƙasar Hausa ita ce SIM, wadda ta fara zuwa Nijeriya a 1893. Da farko Turawan mulki ba su yarda su zauna a ƙasashen sarakunan Musulunci ba. Aikin magani ne ya buɗe musu ƙofa. Yawancin mutanen da suka sha maganinsu sun koma gida da addininsu na Musulunci, kaɗan ne suka zama Kirista. Abin da ya tara mu yau shi ne yadda suka taimaki mabukata, da darasin da za mu ɗauka.

Mu fara da kuturta. Wajen 1937 En'e ta danƙa wa SIM kula da masu wannan cuta a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da 'Yadakunya a Kano. A wancan zamani, idan kuturta ta kama maigida, gidan duka ya shiga uku. Ba ya iya riƙe fartanya, kuma mutane suna gudun 'ya'yansa. A Amanawa ba magani kaɗai ake bayarwa ba. Masu sauran ƙarfi suna noma, yara suna koyon karatu, wasu ma sun koyi aikin ba da magani. Wanda ya warke yana komawa gida ya ci gaba da riƙe iyalinsa. Daga baya gwamnati ta karɓi asibitin.

Yau an ci gaba ƙwarai. Tun 1995 ake ba da maganin kuturta kyauta a duniya, ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Ana shan shi wata 6 ko wata 12. Kuturta ba gado ba ce, ba kuma baki aka yi wa mutum ba, ƙwayar cuta ce. Idan ka ga wani tabo mai haske a jikinka, ka taɓa shi ba ka ji ba, to, ka hanzarta zuwa asibiti. Wanda ya je da wuri ba ya rasa yatsa ko ɗaya. Wanda ya fara shan magani kuma ba ya sa wa kowa.

Yanzu mu ƙetara iyaka zuwa Nijar, wajen 'yan uwanmu Gobirawa. 'Yan mishan sun zauna a Tsibiri tun kafin 1930. A 1950 suka buɗe asibitin Galmi, wanda mutanen Nijeriya ma suke zuwa. A Danja, kudu da Maraɗi, suna da asibitin kuturta, kuma a 2012 aka ƙara wurin yi wa mata masu yoyon fitsari aiki.

Amma babban darasi yana cikin yunwar 1984. Dattawa suna tune da ita. Ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone, rumbuna suka zama wayam. A lokacin akwai wani ɗan mishan a Maraɗi, mutumin Ostareliya, sunansa Toni Rinaudo. Ya yi ta dasa itatuwa, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 ya lura da wani abu. 'Yan ƙananan tsirrai da manomi yake sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne. Toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, kuma saiwarsu tana nan da rai a ƙasa.

Da yunwa ta zo, sai mishan ta raba hatsi a ƙauyuka kusan 100, amma da sharaɗi. Duk wanda zai karɓa sai ya bar itatuwa su tashi a gonarsa. Da yunwa ta wuce aka daina rabo, mutane da yawa suka sare nasu, domin dama hatsin suke so. Wasu kuwa suka bari. Bayan 'yan shekaru, masu barin suka samu itacen girki da na sayarwa, da ganyen dabbobi, iska ta daina binne musu shuka da yashi. Maƙwabta suka gani da idonsu, suka kwaikwaya ba tare da an ba su ko tiya ɗaya ba. Mutanen Nijar suna kiran wannan aiki sassabin zamani. Masana sun ƙiyasta cewa ya dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a gonakin Nijar.

Jama'a, ku duba da kyau. Hatsin 1984 an cinye shi a shekarar. Itatuwan kuwa jikoki suna cin amfaninsu har yau. Mai jin yunwa dole a fara ba shi abinci, wannan gaskiya ne. Amma kada a tsaya nan.

Ga yadda ake sassabin zamani. Lokacin sharar gona, ka duba kututturen gawo, ko ƙalgo, ko sabara, ko aduwa. Ka zaɓi rassa 3 zuwa 5 masu ƙarfi, ka bar su. Ka sare sauran da gatari mai kaifi. Ka rage ƙananan rassan da ke ƙasa, don itacen ya miƙe. Kowace shekara ka sake gyara shi. Gawo ma yana zubar da ganyensa da damina, saboda haka ba ya tare wa gero rana. Sai kuma gari ya yi shawara da mai gari da makiyaya, a yarda cewa ba mai sare itacen gonar wani. Inda gonakin nesa ba su shiguwa saboda tsaro, a fara da na bakin gari.

Daga ƙarshe, kada mu jira sai baƙo ya zo daga Turai. Muna da zakka, muna da gayya, muna da zumunci. Kowace unguwa ta san gidajen da ba a ɗora tukunya. Mai gona biyu ya ara wa ɗan gudun hijira ɗaya. Samari su yi wa uwar marayu gayyar noma. Mai awaki ya ba ta akuya kiwo, in ta haihu a raba. Wanda ya ga alamar ciwo a jikin maƙwabcinsa ya raka shi asibiti, kada ya guje shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa, ya ba mu damina mai albarka.