Ummulkhairi: Ma'anar Sunan, Asalinsa da Yaɗuwarsa

Sunan Ummulkhairi haɗi ne na kalmomin Larabci biyu: ummu, wato uwa, da alkhairu, kalmar da Hausa ta ara tun tuni ta mayar da ita alheri. Ma'anarsa uwar alheri. Sai dai Larabawa kan kira tushen abu uwarsa, shi ya sa ake ce wa Makka Ummul Ƙura, Fatiha kuma Ummul Kitabi. Saboda haka mai wannan suna ita ce wadda alheri ke ɓuɓɓugowa daga gare ta.

Asalinsa alkunya ne, ba sunan yanka ba. Fitacciyar da ta fara shahara da shi ita ce Salma 'yar Sakhar, mahaifiyar Sayyidina Abubakar Siddiƙu. Littattafan tarihi sun kawo cewa ranar da Ƙuraishawa suka yi wa ɗanta jina-jina a Makka, ya ƙi ci ya ƙi sha sai ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Dare na yi ta tallabe shi zuwa gidan Arƙamu inda Manzon Allah yake, a can kuwa ta musulunta. Rabi'atul Adawiyya ta Basra ma da wannan alkunya aka san ta, haka kuma Fatima, mahaifiyar Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a 1166. Ita ce aka ruwaito ta ɗinke masa dinari 40 a cikin riga sa'ad da zai tafi neman ilimi, ta kuma ɗauki alkawarinsa cewa ba zai yi ƙarya ba. Mabiya Ƙadiriyya a ƙasar Hausa sun san wannan labari ciki da bai.

Duk da haka sunan bai yi yawan Fatima, A'isha ko Zainab ba, kuma 'yan kaɗan ɗin da ake raɗa wa ma ba a cika jin su ba. Safiyar suna liman zai faɗe shi cikakke, maroƙi ya ɗaga murya ya maimaita, mata su rangaɗa guɗa a cikin gida. Kafin a gama rabon goro, kaka ta riga ta ce, “Miƙo mini Ummi.” Shi ke nan, ya bi ta. Ummi kuwa laƙabi ne da akan sakaya sunan yarinyar da ta ci sunan kakarta da shi, don haka mai Ummulkhairi takan saje da ɗimbin takwarorin da ba nata ba. Abin takaicin shi ne, rabin da ake yarwa shi ne mai ɗauke da addu'ar.

Rubutunsa ma bai tsaya wuri ɗaya ba. Harshen Bahaushe yakan sassauta harafin kha ya koma ha, kamar yadda Khadija ta zama Hadiza, don haka a baka an fi jin Ummulhairi. A takardun makaranta kuwa wani malami ya haɗe shi, wani ya raba shi biyu, har yarinya ta tashi da takardar haihuwa da ta jarrabawa masu saɓa wa juna.