Amsar Wasiƙa: Ko Cutar Aladun Legas Ce Ta Kashe Mani Awaki?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani bawan Allah a ƙaramar hukumar Bunkure, manomin rani wanda kuma yake fataucin tumatir daga Kwanar Gafan zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Ya ce a can ya ji direbobi suna hirar wata cuta da ke kashe aladu, ba ta da magani. Da ya dawo gida sai ya sayo akuya guda a kasuwa ya zuba cikin garkensa. Ba a yi kwana goma ba awaki suka soma majina da zawo, bakwai suka mutu cikin goma sha biyu, sa'an nan abin ya tsallaka gidan maƙwabcinsa. Yanzu ana ta ƙananan maganganu a unguwa, wai shi ya kwaso cutar aladu a motar tumatir. Yana tambaya, shin haka ne? In ba haka ba, me ya kamata ya yi?

To Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Amsa a taƙaice ita ce a'a, ba cutar aladu ba ce. Wannan cuta da ka ji labari, wato zazzaɓin aladu na Afirka, alade kaɗai take kamawa, na gida da na daji irin su gadu. Ba ta kama akuya, ba ta kama tunkiya ko saniya ko kaza, kuma ba ta kama mutum. Saboda haka maƙwabta su kwantar da hankali ta wannan fuska. Amma akwai darasi a labarinta, don hanyar da take bi ta yaɗu ita ce dai hanyar da cututtukan namu dabbobin ke bi.

An fara bayyana cutar ne a ƙasar Kenya a 1921. A 1997 ta ɓarke a jihohin Ogun da Legas bayan ta addabi Jamhuriyar Benin, daga nan ta bi motocin fatake ta watsu cikin ƙasa. A 2018 ta shiga ƙasar Sin, inda ta halaka aladu miliyoyi, sa'an nan a 2020 ta faɗa wa babbar matattarar masu kiwo ta Oke-Aro da ke kan iyakar Legas da Ogun, mutane da yawa suka wayi gari ba jari. Me ya sa ta gagara? Ƙwayar cutar tana iya yin watanni a cikin nama ba ta mutu ba, tana maƙalewa a takalmi da tayar mota da kwanon abinci. Abu mafi muni kuwa shi ne, da zarar mai kiwo ya ga dabbarsa ta fara ciwo sai ya yi maza ya kai kasuwa ya karyar, don kada ya yi asara. Wanda ya saya ya ga araha, ashe annoba ya kai gida.

Yanzu mu dawo kan awakinka. Ba a gane cuta ta wasiƙa, sai likita ya gani da ido. Amma alamun da ka lissafa, wato zazzaɓi, majina, kwantsa a ido, gyambo a baki da zawo mai wari, sun yi kama da annobar awaki da tumaki wadda likitoci ke kira PPR. Ita wannan 'yar'uwar bushiya ce, cutar shanun nan da dattawa ba za su manta da ɓarnar da ta yi a 1983 ba. Daga ranar da akuya ta ɗauka zuwa ranar da za ta nuna alama yakan kai kwana huɗu zuwa shida. Ke nan akuyar da ka sayo tana iya zama garau a kasuwa, tana cin dusa, alhali tana ɗauke da cutar. In ka lissafa kwanakin da kyau za ka ga zargi ya fi karkata gare ta, ba ga motar tumatir ba.

Wannan lissafin kwanaki shi ne tushen aikin masu bin sawun cuta. In likitan dabbobi ya zo, tambaya uku zai yi maka. Ta farko, wace rana dabba ta farko ta kwanta? Ta biyu, me ya shigo gidan cikin mako uku kafin wannan rana: sabuwar dabba, bunsurun aro don barbara, mahauci, ko dillali da ya zo taya? Ta uku, me ya fita daga gidan tun daga lokacin, kuma ina aka kai shi? Tambaya ta biyu ita ke nuna inda cutar ta fito, ta uku kuma inda ta nufa, don a riga ta isa. Bayan haka sai ya ɗebi jini da majina a aika ɗakin bincike, kamar cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924. Duk wanda ya ɓoye gaskiya a waɗannan tambayoyi, to ya yanke sawun, kuma ƙauyen gaba ne zai biya.

Mu a nan Kano mun ga misali da idonmu. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko ke nan da aka ga wannan nau'in nata a nahiyar Afirka, kuma gonakin Kano na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Aka kashe kaji dubbai aka binne, gwamnati ta biya diyya. A 2015 ta sake dawowa. Ita kuwa wannan, saɓanin cutar aladu, tana iya kama mutum: a farkon 2007 ta kashe wata mata a Legas. Don haka kazar da ta mutu da kanta, ko aka yanka tana gargara, kada a fige ta a ci.

Yankinku na Kura da Bunkure da Garun Malam yana da nasa haɗarin na musamman. Ruwan da ke fitowa daga madatsar Tiga yana bin hanya guda ne, daga babban kanal zuwa ƙanana, ya ratsa Kadawa da ƙauyuka da dama. Wanda ya jefa mushe a kanal, duk na ƙasa da shi ya shayar. Da rani kuma, bayan an yanke shinkafa, dabbobin gida da na makiyaya suna haɗuwa a fage ɗaya su sha a wuri ɗaya. Ga kashin kaji da ake sayowa buhu-buhu daga manyan gonaki don takin tumatir, ana jibge shi a ƙofar gida kajin gida suna tona. Ga kuma ragunan da ake tarawa daga kasuwanni daban-daban gab da Babbar Salla. Kowanne daga cikin waɗannan ƙofa ce.

To me za a yi? Na farko, duk dabbar da aka sayo, daga Wudil ne ko Dambatta ko ma gidan ɗan'uwa, a ɗaure ta can gefe ita kaɗai har mako uku, da kwanon ruwanta daban. Mai ba da abinci ya fara da tsofaffin garke, ya ƙare da baƙuwar, sa'an nan ya wanke hannu da takalmi da sabulu. Na biyu, da an ga ciwo a ware marasa lafiya, a daina sakin sauran kiwo, kada a sayar, kada a ba da aro, kada a kai wa suruki ajiya. Na uku, mushe a haƙa rami mai zurfi wanda kare ba zai tone ba, nesa da rijiya da kanal, a binne. Na huɗu, a kai rahoto a ranar ga sashen dabbobi na ƙaramar hukuma ko malamin gona, a kuma shaida wa mai unguwa don ya yi shela. Takin kaji kuwa a wuce da shi gona kai tsaye, a rufe shi ya ruɓe kafin a watsa.

Wani zai ce ai akwai kafso ja da yalo. Jama'a, wannan kafso ba ya kashe irin wannan ƙwayar cuta. Iyakarsa ya taimaka wajen ciwon huhun da ke biyo baya, shi ma bisa umarnin likita. Abin da ke tare ta shi ne allurar rigakafi, kuma a nan masu awaki sun fi masu aladu sa'a. Allurar PPR tana nan, ana yin ta a Vom, an ma samo asalinta ne daga ƙwayar cutar da aka ɗauka a Nijeriya a 1975, kuma allura ɗaya tana kare dabba shekara uku ko fiye. Sai dai ana yi wa masu lafiya ne kafin cuta ta zo. Kwalba ɗaya ta ishi dabbobi da yawa, kuma ba ta jure zafi, don haka gara unguwa ta haɗa kai a sa rana a kira ma'aikaci. Da irin wannan haɗin kai aka kawar da bushiya daga doron ƙasa a 2011, kuma hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke fatan ganin bayan PPR.

Kai kuma Malam, shawararmu ita ce ka je ka sami maƙwabcinka ka gaya masa ranar da ka sayo akuyar da kasuwar da ka saye ta, ku tafi wurin likita tare. Kai ma sayar maka aka yi, ba da gangan ka kawo ba. Sauran 'yan unguwa kuma, maimakon tsegumi, kowa ya ɗaure nasa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Nan za mu dakata. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu, a riƙa faɗin gari da irin dabbar da kwanakin da abin ya ɗauka, don amsa ta fi gamsarwa. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba da rani mai albarka. A huta lafiya.