Gyaran Daɓen Tsohon Jirgin Su Na Alminiyum: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Wata-Wata



Yau za mu yi magana ne a kan tsofaffin jiragen alminiyum da 'yan'uwanmu masunta ke saye da araha, su kai su tafkin Shiroro ko kogin Gurara. Idan mutum ya duba irin wannan jirgi daga waje zai gan shi garau, amma cutarsa tana ƙarƙashin katakon da ake takawa. Ba mu manta da hatsarin Warra ba a Mayun 2021, da na Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa a Oktoban 2024. Waɗancan jiragen katako ne, an kuma yi musu lodi fiye da kima, amma darasin ɗaya ne: ruwa ba ya yafe sakaci.

Aiki na farko, a ciccire tsohon daɓen gaba ɗaya. Kada a ɗora sabon katako a kan ruɓaɓɓe. A fitar da soson da ke ƙasa, domin idan ya tsufa ruwa yake sha. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato soson da ya sha lita 50 tamkar buhun siminti ne kake yawo da shi ba ka sani ba.

Na biyu, a wanke cikin jirgin, a ɗora shi a kan gungume, a zuba masa ruwa kaɗan, sannan a leƙa ƙasa. Duk ƙusar ribit da ta ɗiga a yi mata alama da alli. Wadda ta saki kawai, mutum biyu za su matse ta, ɗaya ya tokare da ƙarfe, ɗaya ya buga da guduma. Wadda ta cinye a huje ta a sa sabuwa. Inda ya tsage kuwa sai mai waldar alminiyum, ba kowane mai walda ba.

Na uku, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna: kada a haɗa alminiyum da ƙusar baƙin ƙarfe, ko katakon da aka jiƙa da maganin gara mai jan ƙarfe a ciki. Idan suka haɗu a cikin danshi, alminiyum ne ke cinyewa. Za ku ga farin gari, daga baya sai ƙananan huji. A yi amfani da ribit na alminiyum, da filawud irin na jirgin ruwa, a shafe shi da maganin hana ruwa sama da ƙasa, musamman bakunansa. A sa soson da ba ya shan ruwa, a bar hanya a tsakiya don ruwa ya gangara baya, a kuma bar murfi ɗaya da za a riƙa ɗagawa ana kwalfewa.

'Yan'uwa, rigakafi ya fi magani. Muna roƙon iyayenmu su ja kunnen samarinmu, kada kowa ya sa jirgi a ruwa sai an yi masa gwajin nan, kuma kowa ya sa rigar kariya ko da ya iya iyo. Wanda kuɗin gyara ya gagare shi ya zo ya yi magana, a taimaka masa.

Allah ya tsare mu, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu.