SUNAYEN ƊAKIN IBADAR KIRISTA

Yau za mu yi magana a kan sunayen da ake kiran wurin ibadar Kirista. Dalili kuwa shi ne, yanzu kun fara karatu. Wata rana maƙwabci zai kawo muku takarda ku karanta masa, ko ku ga allo a bakin hanya. In ba ku san kalmomin nan ba, sai ku ɓatar da baƙo, ko ku ɓata wa wani rai ba da nufi ba.

Sunan da aka fi ji shi ne coci. Daga Turanci muka aro shi, harshenmu ya lanƙwasa shi. In ginin ne inda bishop yake da kujerarsa, sai a ce babban coci.

Na biyu majami'a, watau wurin da jama'a ke taruwa. Asalinta ɗaya da jam'i da Jumma'a, duk daga Larabci. Amma ku lura. A cikin Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga dukansa da Hausa a 1932, majami'a ɗakin taron Yahudawa ne. Saboda haka sai ku duba zancen da ke kewaye da kalmar, ku gane wadda ake nufi.

Na uku kanisa. Ita ma Larabci ce, a bakin malamai aka fi jin ta.

Akwai kuma masujada, da ɗakin sujada, da ɗakin ibada. Waɗannan ba su da wuya, sunan ya faɗi aikin da ake yi a ciki.

To, ga kalmomi uku da mutane kan rikita. Ikilisiya daga harshen Helenawa ta fito, ma'anarta taron mutane. Watau masu ibadar ne, ba ginin ba. Ko a gindin itace suka taru, ikilisiya ce. Haikali kuwa shi ne babban ɗakin da Sulemanu ya gina a Urushalima, wadda ake kira Birnin Ƙudus. Mishan kuma ba ɗaki ɗaya ba ne, wurin ne duka, da makaranta da asibiti. Misali, a Wusasa kusa da Zariya, inda 'yan mishan suka koma a 1929, akwai asibiti, akwai kuma coci na ginin ƙasa irin namu na Hausa.

In kuna shakka, ku tambayi mai wurin yadda yake kiransa, ku kira shi haka. Tambaya ba ta rage girman mutum. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Yanzu kowa ya ɗauki fensir. Ku rubuta coci, majami'a, kanisa, masujada. Wanda ya gama ya duba na ɗan'uwansa.