Takardar Gona A Cikin Tukunya

 Karatunmu na yau yana cikin Littafin Irmiya sura 32.

Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, Irmiya kuwa yana tsare. A cikin wannan hali Ubangiji ya sa shi ya sayi gonar ɗan'uwansa a Anatot, shekel 17 na azurfa. To, ku lura da abin da annabin ya yi. Bai ce tun da Allah ne ya umarta, ba sai an rubuta ba. Takarda biyu aka yi, ɗaya da hatimi, ɗaya a buɗe, shaidu suka sa hannu. Sa'an nan ya ba Baruk ya ajiye su cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Mutumin Allah ke nan, ya san wuta tana zuwa, ya yi shiri.

Mu fa, ina tukunyarmu? Yawancinmu mun zuba kome cikin waya ɗaya. Mun zauna da wani ma'ajin ikilisiya a nan Minna wanda aka zare wa waya cikin keke napep. Lissafin baiko na shekara biyu yana ciki, da sunayen gwauraye da ake taimako, ba a rubuta ko ɗaya a littafi ba. Ya tafi karɓo layinsa, ashe da sunan wani ɗan'uwansa aka yi rajista. Tun Disamba 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN ta mai shi, saboda haka aka ce sai mai sunan ya zo. Abin da ya fi ci masa rai ba kuɗin wayar ba ne, yadda wasu dattawa suka fara dubansa ne. Mutumin kirki, amma ba shi da shaida.

Ba ɓarawo kaɗai ba. Ambaliyar Mokwa ta Mayu 2025 ta ci rayuka fiye da 150, ta kuma kwashe gidaje da abin da ke cikinsu.

'Yan'uwa, ku sa layinku da sunanku. Ma'aji ya riƙe littafi, kofi kuma ya zauna wurin sakatare, a wani gida dabam. Takardar fili da ta makaranta, a ɗauki hotonsu a ajiye a imel; wanda bai iya ba, matasa suna nan. In kuwa wani ya buga ya ce akwai taron addu'a, ku karanto masa lambobi 6 da WhatsApp ya aiko muku, kada ku ba shi, ko da ya ce fasto ne ya aiko shi. Da su zai ƙwace asusunku ya roƙi kuɗi da sunanku.

Mako mai zuwa za mu duba sura 36, inda sarki Yehoyakim ya ƙone littafin Irmiya, Baruk kuwa ya sake rubutawa. Ku karanta kafin mu haɗu.