Guguwa Mai Suna

  

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya. Ta ce tana jin ana cewa a labaran duniya guguwar Katrina ta yi kaza, guguwar Rita ta yi kaza, shin su wa ke raɗa wa iska suna, kuma don me?

To, Hajiya, abin da tsari. A wajenmu in kika ji Talatu ko Laraba, kin san ranar da aka haife ta. In kika ji Gambo, kin san bayan tagwaye ya zo. Haka sunan guguwar tekun Atlantika yake faɗin matsayinta. Ta farko a shekara sunanta na farawa da harafin A, ta biyu B, ta uku C, har zuwa W. Ana tsallake Q, U, X, Y da Z don sunayensu ba su da yawa, sai ya rage 21. Katrina ɗin nan, wadda ta afka wa birnin New Orleans na Amurka a watan Agustan 2005 ta hallaka fiye da mutum 1,000, harafin K ne, wato suna na 11 a jerin shekarar.

Mu sai kwana bakwai ake zanen suna, su kuwa tun ba a haifi guguwar ba sunanta na ajiye. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ke riƙe da jeri shida, ana juya su shekara-shekara. Da zarar gudun iska ya kai kilomita 63 a awa ɗaya, sai a ba ta suna na gaba. Wadda ta yi mummunar ɓarna kuwa, a cire sunanta har abada. Shi ya sa ba za a sake Katrina ba, an musanya ta da Katia. A 2005 da 2020 sunayen ƙarewa suka yi, aka ari haruffan Girka. Daga 2021 aka daina haka, aka tanadi wani jeri na ko-ta-kwana.

Ga abin da ya shafe mu. Daga 1953 sunayen mata zalla ake sawa, kamar dai mu kaɗai muka iya ɓarna! Mata a Amurka, irin su Roxcy Bolton, suka ce ba su yarda ba. A 1979 aka gyara, yanzu mace, namiji, mace, namiji.

Kada ku ce abin nesa ne. Kun lura hadarinmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma? To, irin wannan hadarin, in ya ratsa Afirka ta Yamma ya faɗa teku ta wajen Senegal, ɗumin ruwa kan ƙara masa ƙarfi. Da yawa daga manyan guguwar da ke kai wa Amurka nan ne mafarinsu.

Dalilin sunan kuwa ɗaya ne: gargaɗi ya isa kunne da wuri, kowa ya riƙe, ba a ruɗe ba. Tamu iskar ta farkon damina ba ta da suna, amma tana yaye kwano, tana kada katanga. Kuma ke da ke cikin gida, rediyo na gefenki, sau da yawa ke ce farkon jin sanarwar hukumar NiMet. Kada ki bar ta a cikinki. Ki faɗa wa maigida ya duba rufi da azara tun da rani. In gabas ta haɗe, ki kira yara su shigo, ki kashe wutar murhu, kada kowa ya fake jikin tsohuwar katanga ko ƙarƙashin itace. Ki aika yaro ya gaya wa maƙwabciya. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da iyalanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.