GANI YA KORI JI: JAWABI A KAN HOTON ASIBITI

Ga jawabin da Magatakardan reshen Jam'iyyarmu ya yi wa 'yan kasuwa da sauran 'yan jam'iyya a taron mako. Mun buga shi duka sabo da waɗanda ba su sami zuwa ba.



Maganarmu ta yau a kan 'yar takardar nan ce da likita kan rubuta ya miƙa wa mutum, ya ce, "Je ka a yi maka hoto ka kawo." Da yawa cikinmu sun karɓi takardar nan, da suka ji kuɗin ya fi jarinsu, sai suka ninke ta suka sa aljihu suka koma gida. Waɗansu kuwa sun sayar da akuya sun biya, alhali ba su san abin da aka ɗauka ba, balle amfaninsa. Ku 'yan kasuwa ne, ba ku sayen buhu sai kun soka kun ga ƙwayar. To, bari mu kwance muku bakin wannan buhu.

Asalin abin a ƙasar Jamus ne. Ran 8 ga watan Nuwamba, 1895, wani malamin jami'a a garin Wurzburg, sunansa Wilhelm Rontgen, yana gwaji cikin ɗaki mai duhu, sai ya gane akwai wani irin haske da ido ba ya gani, wanda ke ratsa takarda da katako da naman jiki, amma ƙashi da ƙarfe suna tare shi. Kafin shekarar ta ƙare ya ɗauki hoton hannun matarsa, ga ƙasusuwan yatsu, ga zobe. Shi ne hoton da mu ke kira eksire. A 1901 aka ba shi kyautar Nobel, shi ne na farko da ya same ta a fannin iliminsa. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa: mutumin nan ya ƙi yin rajistar abin da ya gano domin ya ci riba, ya bar wa duniya kyauta.

Yadda eksire ke aiki ba wuya. Kowa ya taɓa ganin inuwar mutum a bayan labule in an kunna fitila. Haka hoton nan ya ke, inuwa ce. Ƙashi yana tare hasken, sai ya fito fari. Huhu cike ya ke da iska, hasken yana wucewa, sai ya fito baƙi. In ciwo ya kama huhu, sai a ga fari inda ya kamata a ga baƙi. Da haka a ke ganin karaya, da ciwon huhu, da kumburin zuciya, da tsabar kuɗin da yaro ya haɗiye.

A nan muna da magana biyu. Ta fari ga masu karaya. Ba mu rena masu ɗori ba, sun yi wa jama'a aiki tun kaka da kakanni. Amma hannu yana lalube ne kawai. Akwai karayar da ta shiga gaɓa, akwai wadda ƙashi ya farfashe, akwai kuma ɗaurin da kan matse har jini ya daina gudu, hannun yaro ya ruɓe a yanke shi. A yi hoto tukuna, a san irin karayar, sa'an nan a san inda za a dosa.

Ta biyu ga masu tari. Tarin da ya kai mako 2 bai tafi ba, ga rama, ga zufa da dare, kada a tsaya shan jiƙo. Hoton ƙirji yakan nuna alamar tarin fuka, amma gwajin majina ne ke tabbatarwa. Maganin wata 6 ne, kyauta ne kuma a wuraren da gwamnati ta keɓe. Mai tari guda cikin rumfa yana iya shafa wa maƙwabtansa da 'ya'yansa, sabo da haka wannan magana ta shafi kasuwa duka.

Hoto na biyu shi ne wanda iyayenmu mata suka fi sani, watau sikanin. Shi da sauti ya ke aiki. Mai sayen tukunya yakan ƙwanƙwasa ta, ya ji amsarta, ya san ko ta tsage. Na'urar sikanin tana aika wani sauti siriri da kunne ba ya ji, ya shiga jiki ya bugi abin da ke ciki ya komo, na'urar ta mai da amsar ta zama hoto. Wani likitan mata a birnin Gilasgo, Ian Donald, shi da wani injiniya Tom Brown, su suka kawo shi ga aikin haihuwa. Da na'urar masu neman tsaga cikin ƙarfe suka fara, suka buga abin da suka samu a 1958.

Mun san da yawa abin da ke kai su sikanin shi ne su ji namiji ne ko mace. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar amfaninsa. Sikanin yana nuna watannin ciki, da ko tagwaye ne, da ko ɗan ya kwanta a gicciye, da ko mabiyiya ta tare hanyar fita, da cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda in ya fashe yana iya kashe mace cikin sa'o'i kaɗan. Matar da aka gane haka gare ta tun da wuri, a asibiti za ta haihu, ba za a ɗauko ta tsakar dare tana zub da jini ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kowace mai ciki a yi mata sikanin sau ɗaya kafin cikin ya kai mako 24. Maza, ku ne masu ba da izini da kuɗin mota, wannan nauyi a wuyanku ya ke. Har wa yau sikanin yana nuna tsakuwa cikin ƙoda da matsarmama, da ciwon hanta.

Na uku shi ne siti sikan. Shi ma hasken eksire ne, sai dai na'urar tana kewaya mutum tana ɗauka ta kowace fuska, kwamfuta kuwa ta haɗa lissafin ta fito da hoton jiki yanka-yanka, kamar yadda mai shayi ke yanka burodi. Wani injiniya Baturen Ingila, Godfrey Hounsfield, shi ya ƙera ta, aka fara gwada ta ga marar lafiya a Landan cikin Oktoba, 1971. A 1979 aka ba shi kyautar Nobel tare da Allan Cormack, haifaffen Afirka ta Kudu. Babban amfaninta ga wanda ya bugu a ka cikin haɗarin mota, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye farat ɗaya. Shanyewar nan iri biyu ce: ko jini ya daskare ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, ko jijiya ta fashe jini ya zuba. Maganin da ke narkar da ta farko yana iya kashe mai ta biyu, hoto ne kuwa ke rarrabewa. Maganin narkarwan nan kuma cikin sa'a 4 da rabi na farko a ke ba da shi. Wanda bakinsa ya karkace, ko hannunsa ya saki, ko maganarsa ta harɗe, a garzaya da shi asibiti nan take, kada a ce sai gari ya waye.

Na huɗu shi ne em-ar-ai, wanda ya fi duka tsada. Wani babban maganaɗisu ne da a ke tura mutum cikinsa. Yana aiki da ruwan da ke jikin mutum da igiyar rediyo, ya nuna ƙwaƙwalwa da laka da gaɓoɓi filla-filla. Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila suka sami kyautar Nobel a kansa a 2003. Maganaɗisun nan yana fizgar ƙarfe da ƙarfin gaske. Makulli, ɗan kunne, zobe, laya mai ƙarfe, duk a ajiye su waje. Wanda ke da ƙarfe cikin jiki, ko na aikin likita ko ɓarɓashin harsashi, lalle ya faɗa kafin ya shiga.

To, ko akwai haɗari? Akwai, ba kuwa za mu ɓoye muku ba. Hasken eksire in ya yi yawa yana ƙona jiki, yana kawo sankara. Clarence Dally, mai taimaka wa Thomas Edison a Amurka, ya rasa hannuwansa biyu, ya mutu a 1904 ta dalilinsa. A 1956 wata likita a Oksfod, Alice Stewart, ta nuna cewa 'ya'yan matan da aka yi wa eksire suna da ciki sun fi sauran yara kamuwa da sankara. Amma a auna abin da mudu. Ko ba ka je asibiti ba, jikinka yana shan irin wannan haske kaɗan-kaɗan daga ƙasa da sararin sama. Hoton ƙirji guda kamar na kwana 10 ne. Siti sikan na ƙirji kuwa kamar na shekara 2 ne. Sikanin da em-ar-ai ba su da wannan haske ko kaɗan. Sabo da haka hoton da likita ya ga dalilinsa, a yi shi ba fargaba. Mai ciki, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa kafin a ɗauka. Hoton da aka yi maka kuma ka adana shi kamar takardar fili, ka tafi da shi duk asibitin da za ka, kada a sa ka biya sau biyu.

Sai ku lura da abin da hoto ba ya yi. Ba ya ganin zazzaɓin cizon sauro, ba ya ganin taifot, ba ya auna ciwon sukari ko hawan jini. Waɗannan sai gwajin jini da awo. Akwai masu yawo kasuwa-kasuwa da 'yar akwati, su ba ka wani ƙarfe ka riƙe, kafin ka yi ƙiftawa goma kwamfuta ta lissafa maka cuta ashirin, ga maganin kuma a jakarsu. Wannan ba hoto ba ne, wayon ci ne. Hoton gaskiya likita ke rubuta shi bayan ya duba ka, ma'aikacin da ya koyi aikin ya ɗauka, wanda ya iya karatunsa ya rubuta rahoto. Kuna da ikon tambaya uku: Me a ke nema da hoton nan? In ya fito, me zai sake cikin maganina? Akwai mai araha da zai yi wannan aiki? Likitan kirki ba zai ji haushi ba.

Yanzu mu komo ga alkawarinmu. Wanda ya gano hasken nan kyauta ya bar shi. Ina dalili, bayan shekara 130, talaka ke ninke takardarsa ya koma gida? Cikin kowace naira 100 da a ke kashewa kan lafiya a Nijeriya, fiye da 70 daga aljihun marasa lafiya da danginsu ta ke fita. A watan Afrilu, 2001, shugabannin Afirka suka taru a nan Abuja suka yi alkawari kowace ƙasa za ta ware kashi 15 cikin 100 na kasafinta domin lafiya. Mu da muka sauki baƙin, gwamnatinmu ta tarayya ba ta taɓa cika wannan mudu ba. A 2014 aka yi dokar lafiya ta ƙasa, ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na babban asusun tarayya domin lafiyar matakin farko. Haƙƙinku ne ku tambayi inda rabon garinku ya shiga.

Mun ga yadda a ke yi. A sayo na'ura, a tara maroƙa, a yanka kyalle, a ɗauki hoton manya. Bayan 'yan watanni ka je a ce maka ta lalace, ko ba wuta, ko mai karanta hoton ya tafi aiki ƙetare. Sai a nuna maka wani wurin kuɗi a ƙetaren titi. Su kuwa manya, in kansu ya sara, sai jirgi. Na'urar da ba a tanadar mata mai gyara da wuta da ma'aikaci ba, ai kwalliya ce.

Kada a ce mana ba zai yiwu ba. Lokacin yaƙin 1914, Madam Marie Curie ta ɗora na'urar eksire kan motoci a Faransa, ta kai ta inda sojoji ke kwance da rauni. A 1957 birnin Gilasgo ya ɗauki hoton ƙirjin mutum fiye da 700,000 cikin mako 5 domin farautar tarin fuka. Yau ga eksire ƙarami da a ke ɗauka cikin jaka, ga sikanin da a ke haɗawa da wayar hannu. Tun 2021 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda kwamfuta ta riƙa karanta hoton ƙirji wajen neman tarin fuka ga masu shekara 15 zuwa sama. Dabara ta samu, saura niyya.

Ga abin da mu ke nema, mu ke kuma roƙonku ku nema tare da mu. Na ɗaya, kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ya sami eksire da sikanin masu aiki. Na biyu, duk na'urar da za a saya, a rubuta kuɗin gyaranta da na wutarta cikin kasafi ɗaya da ita. Na uku, a koyar da 'ya'yanmu aikin, a biya su abin da zai zaunar da su. Na huɗu, a manna farashin kowane hoto a bango, a ba da rasidi. Na biyar, sikanin farko na mai ciki ya zama kyauta. Na shida, motar hoton ƙirji ta riƙa zuwa ran kasuwa.

Ku ma da naku aiki. Wanda aka komo da shi aka ce na'ura ta lalace, ya zo ofishin jam'iyya ya faɗi rana da wuri, mu rubuta. Wanda aka karɓi kuɗinsa ba rasidi, shi ma ya zo. In takardu sun taru za mu kai su gaban kansila da ɗan majalisa da sunan jama'a duka, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ran da masu neman ƙuri'a suka shigo kasuwa da atamfa da sabulu, ku tambaye su na'urar asibitin garinku tana aiki ko ba ta yi. In sun ce tana yi, ku ce a tafi tare a gani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sauki iyayenmu mata lafiya, ya sa wa kasuwa albarka.